Yumɓu a kan gyambo: abin da bincike ya gano, da inda haɗarin yake

Magungunan antibiyotik na rasa ƙarfinsu. Wani binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Wannan ne ya sa masana suka waiwayi yumɓu.

Labarin ya faro daga Kwadebuwa, inda wata Bafaranshiya, Line Brunet de Courssou, ta riƙa shafa koren yumɓu daga Faransa a kan gyambon Buruli. A 2002 ta gabatar da sakamakon ga hukumar lafiya ta duniya, OMS. Da masu bincike na jami'ar jihar Arizona a Amurka suka gwada yumɓun iri biyu da ta yi aiki da su, sai suka tarar ɗaya yana kashe ƙwayoyin cuta, ɗayan kuwa ba ya kashewa. Daga baya aka gane cewa a irin wannan yumɓu, sinadaran ƙarfe da alminiyam da yake saki su ne ke aikin.

Tunda yumɓu suna suka tara, masana suka koma gauraya tataccen yumɓu da wani abu mai kama da roba, kamar kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande. Yumɓun yana riƙe azurfa ko magani yana sakinsa kaɗan-kaɗan, robar kuma ta ba shi siffar bandeji. Galibin waɗannan kayan suna ɗakin gwaji har yanzu.

Ga mu nan Nijar, abin tsoro shi ne masu tallar magani a kasuwa su fake da wannan labari. Ƙasar bakin tabki na iya ɗauke da ƙwayar tetanos. Ko Smecta, yumɓun da aka tace ake saidawa a farmasi, hukumar magunguna ta Faransa ta ce a 2019 a daina ba yara ƴan ƙasa da shekara 2, saboda burbushin dalma.

Kafin irin wannan bandeji ya iso asibitocin Maraɗi ko Damagaram, abin da ke hannunmu shi ne wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, zuwa wurin likita da wuri, da barin sayen antibiyotik a kan tebur.