Ciyawar Damina A Kabong: Mu Haɗa Kuɗi Mu Sayi Inji

Duk wanda ya bi ta Gada Biyu zuwa hanyar Rukuba a watan Agusta ya san halin da filayenmu suke ciki. A Jos ruwa yakan sauka tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, saboda haka fulotin da ba a gina ba, da bayan makarantu, da gefen maƙabarta, da hanyoyin gona, duk gamba da tofa da kyasuwa sukan rufe su har su fi ƙugun babban mutum. A nan macizai da ɓeraye suke fakewa, sauro ya samu wurin hutawa da rana, ɓarawo kuma ya samu maɓoya. Yaranmu ne suke ratsa waɗannan wurare da silifa kullum safiya. Saran maciji ba abin wasa ba ne; tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma a jiharmu asibitin Zamko da ke Langtang shaida ne.

Hanyoyi uku muka saba bi, kowacce da matsalarta. Adda da lauje suna aiki, amma filin da zai cinye wa matasa biyar yini guda, kafin wata ya zagayo ya sake cika. Feshi ya fi sauƙi, shi ya sa ya karɓu, sai dai maganin yana kashe ciyawa ya bar ƙasa tsirara, mu kuwa a kan tudu muke, ruwan sama ya zo ya kwashe ƙasar ya bar mana kwari. Ga rijiyoyi a gidajenmu, ga masu lambu a bakin rafi. Paraquat, wanda aka daɗe ana fesawa a gonakinmu, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007 saboda dafinsa. Ta uku ita ce a jira hunturu a cinna wuta. Wuta ba ta san iyakar fuloti ba, kuma ba ta kashe tofa, domin saiwarta tana ƙarƙashin ƙasa, ruwan fari na sauka ta sake tsirowa.

Ra'ayinmu shi ne ƙungiya ta sayi injin yankan ciyawa, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, mai faifan ƙarfe da ke juyawa a bakin doguwar sanda. Tarakta mai jan babban faifai ta dace da shimfiɗaɗɗiyar gona. A Kabong, inda duwatsu da lunguna suka yi yawa, na kafaɗa ne zai shiga ko'ina. Yana yanke ciyawa ya bar gindinta, gindin kuma shi ke riƙe ƙasa. Abin da aka yanke ba shara ba ne. Masu kiwon tumaki da awaki a gida za su saya, musamman idan aka shanya shi don rani, sauran kuma a tara a rami ya zama taki ga masu noman dankali da kayan lambu.

Mun ji masu cewa fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce kowane gida ya sayi nasa ba. Inji biyu na ƙungiya, mai fili ya biya kuɗin mai da ladan mai yanka, a ware wani abu a asusun gyara. Makarantu da maƙabarta da hanyoyin jama'a kuwa a yi su gayya ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Wasu kuma suna tsoron a raba 'yan ƙwadago da abincinsu. To, su za a fara koya wa injin, aikin ya ci gaba da zama nasu.

Sai dai inji yana da dokarsa, kuma a kan wannan ba sassauci. Faifan yana harba tsakuwa da fasasshiyar kwalba kamar harsashi, don haka kowa ya ja baya aƙalla mita 15, yara kuma a kore su gaba ɗaya. Mai yanka ya sa takalmin roba mai tsawo, da gilashin kare ido, da dogon wando mai kauri. A zagaya filin tukuna a tsince waya da ƙarafa, a sa alama a bakin tsofaffin rijiyoyi da ramuka, tunda ƙasarmu ta haƙar kuza ce. Yawancin injinan nan ana gauraya musu fetur da man inji bisa awon da kamfani ya rubuta. Wanda ya zuba fetur zalla ya kashe injin a ranar.

Akwai kuma maganar izini. Mu mutanen Jos mun san nauyin maganar fili, ba sai an tuna mana ba. Kada a shiga fulotin kowa sai an sanar da shi ta hannun mai unguwa, kuma a rubuta cewa yankan ciyawa ba ya ba ƙungiya ko wani mutum haƙƙi a kan filin.

Yanka biyu ya isa a shekara: ɗaya a Yuli kafin ciyawa ta fi ƙarfi, ɗaya a Oktoba kafin ta bushe ta zama abincin wuta. Muna roƙon shugabanni su sa wannan batu a taro mai zuwa, a naɗa mutum uku su binciko farashi da wurin samun kayan gyara a cikin gari, su kawo wa jama'a rahoto. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Filato lafiya.