Wuƙar Maƙeri da Wuƙar Kanti

Idan Babbar Sallah ta gabato, ma'aikacin da zai je gida Zakka daga Katsina ko Abuja yakan ratsa kanti ya sayi wuƙa mai ƙyalli, 'yar Sin, da kubenta na roba, ya kai wa mahaifinsa tsaraba. Tsohon ya yi godiya, ya rataye ta. Ranar layya kuwa, baƙar wuƙarsa ta maƙeri yake ɗaukowa. Ɗan yana ganin gidadanci ne, alhali tsohon ne ke kan daidai, kuma ilimin ƙarfe yana bayansa.

Sinadarin kabon shi ke ba ƙarfe damar taurara. Maƙeri na gari yana ƙera wuƙa da tsohon sifirin ɗin mota, kuma irin ƙarfen da aka saba yin sifirin da shi, wanda injiniyoyi ke kira 5160, yana ɗauke da kabon kimanin 0.6 cikin 100. Idan aka zuga shi a gawayin ƙirya ya yi jajir, aka tsoma shi a mai, sannan aka sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi saurin karyewa, sai a sami baki mai riƙe kaifi wanda ke jure sara. An yi ƙarfen ne tun asali don ya lanƙwashe ƙarƙashin lodi ya dawo daidai, shekara da shekaru.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Shefil ta Ingila a 1913, yana buƙatar kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Wannan ne ke ba shi ƙyalli da kariya daga danshi. Amma arhar wuƙaƙen da suka cika kasuwanni yawanci na ajin 3Cr13 ne, mai kabon kusan 0.3, wato rabin na sifirin. Kafin a gama fiɗar rago ta dakushe. Sau da yawa kuma guntun ƙarfe ne kawai ya shiga cikin ƙotar, don haka a nan take ɓallewa.

A Zakka, gefen Dajin Rugu, wuƙa ɗaya ce ke yanka, ta yi fiɗa, ta datse igiya, ta feƙe ƙotar fartanya. Mutumin da rashin tsaro ya sa zuwa kasuwar Batsari ya zame masa abin fargaba yana buƙatar wadda zai wasa a dutse cikin minti biyu, wadda maƙerin unguwarsu zai gyara idan ta kwaɓe. Tsatsar da ake yi mata gori, shafa mai ne maganinta. Ga kuma umarnin addini na wasa wuƙa don sauƙaƙa wa dabba, wanda ƙyalli ba ya cika shi.

Abin dariyar shi ne, a Nepal ma da sifirin ɗin manyan motoci ake ƙera shahararriyar wuƙarsu ta kukri, Turawa na saye da tsada, kuma ɗan bokon nan zai yaba ta a intanet.

Ba a musun cewa akwai nagartaccen ƙarfe marar tsatsa, kamar na wuƙaƙen Mora na Suwidin, sai dai ba su ke kan teburin ɗan koli ba. Akwai kuma maƙeran da ke ha'inci da rodin gini, wanda ba ya taurara yadda ya kamata. Gane su ba wuya: mai saye ya goga magagari a bakin wuƙar. Idan ya zame yana ƙara, ta taurara. Idan ya ci ƙarfen cikin sauƙi, ya mayar wa mai ita.