Zoɓo da Kanwa a Darasin Kimiyya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗan makaranta a Nima ko Aboabo a daren jarrabawa ya san wannan sauti: yaro ya runtse ido, yana kaɗa kai, yana rero ma'anar wata kalmar kimiyya da Turanci kamar mai tilawa, ba ya ko tuntuɓe. Amma tambaye shi da Hausa me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, sai ya yi tsuru-tsuru, alhali amsar tana cikin abin da ya gama rerawa. Randa tana tsattsafo, danshin bayanta yana bin iska, yana tafiya da zafin ruwan. Yaron ya haddace sunan abin, bai taɓa sanin cewa a tsakar gidansu yake faruwa ba.

Mu mutanen zango muna da gadon hadda, kuma muna alfahari da shi. Da shi kakanninmu suka riƙe Alƙur'ani daga Salaga har Kumasi. Sai dai hadda ta dace da nassin da ba a son ko wasali guda ya canza, ita kuwa kimiyya tana so a yi tambaya, a gwada, a kuskure, a sake. Mun ɗauki ma'aunin makarantar allo mun auna darasin kimiyya da shi, har yaron da ya cika tambaya muke kira mai rashin kunya.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Tsarin ilimin Gana ya tanadi a fara wa yaro karatu da harshen gida har zuwa aji uku na firamare, kuma harsuna 11 gwamnati ta ɗauki nauyinsu, irin su Tuwi da Ga da Ewe da Dagbani. Babu Hausa a ciki. Saboda haka ɗan zango yana tashi da Hausa a gida, ya ji bayani da Tuwi ko Ga a aji, ya rubuta jarrabawa da Turanci. Kafin ya kai ga tunanin yadda shuka ke cin abinci daga hasken rana, ƙarfinsa ya ƙare wajen tsallake harsuna.

Wasu iyaye za su ce Turanci suka tura yaro ya koyo, kuma da Turanci ake rubuta BECE da WASSCE. Gaskiya ne, ba mu raina wannan tsoro ba. Amma an riga an gwada. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka soma koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara 6, har da lissafi da kimiyya, Turanci kuwa aka bar shi darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza wa takwarorinsu ba a Turancin ma, balle a kimiyya.

Kada a ɗauka ciwon na ƙananan yara ne kaɗai. A 2014 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin Scott Freeman, suka tattara sakamakon bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Inda malami ke tsayawa ya yi ta lacca, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ake sa su warware matsala da kansu, suna muhawara da juna, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22. Waɗannan fa ɗalibai ne da akasarinsu ke karatu da harshen da suka tashi da shi, a ɗakunan gwaji cike da kayan aiki. To ina ga namu?

Malamin da ke fama da aji maƙil ba tare da ɗakin gwaji ba, ba za mu ɗora masa laifi duka ba. Amma rashin kaya bai kai yadda ake faɗa ba. A jiƙa zoɓo, wanda maƙwabtanmu ke kira sobolo, a raba shi kofi uku. A matsa lemun tsami a na farko, jansa zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Na uku a bar shi don kwatance. Wannan shi ne darasin sinadari mai tsami da kishiyarsa, wanda littafi ke cewa sai da takardar gwaji ta musamman. Kanwar nan ita ce mai sayar da waakye ke jefawa don wake ya yi saurin laushi, abincin da sunansa ma daga bakinmu ya fito. Uwar yaron ta shekara ashirin tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa gaya wa ɗanta cewa abin da ke cikin tukunyarta yana cikin manhajarsa.

Tun 2017 babbar sakandare ta zama kyauta, kuɗin makaranta ya daina zama hujja. Abin da ke hana yaranmu shiga ajin kimiyya, daga nan su wuce likitanci ko injiniyanci a KNUST ko Legon, yana faruwa ne tun a aji huɗu da biyar, lokacin da suka yanke wa kansu hukuncin cewa kimiyya ba tasu ba ce.

Ba sai mun jira an sa Hausa cikin jerin gwamnati ba, ko da yake ya kamata shugabanninmu su nemi hakan da babbar murya. Makarantunmu na Islamiyya suna da ɗakuna da benci, kuma kowane zango yana da nas ko mai haɗa magani ko ɗalibin jami'a da ke zuwa hutu. Awa biyu a ranar Asabar ta isa: a yi gwajin da hannu, a yi bayanin da Hausa har yaro ya iya maimaita shi ga kakarsa, sannan a rubuta masa kalmar Turancin a allo ya haddace.