Tsohon Firam da Baƙuwar Giya

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Maraɗi da Cadawa da Agiye har ta kai Gazawa, ba ya bukatar hujja a kan cewa keke, wanda aka zaci babur ya riga ya yi masa jana'iza, yana nan da ransa, musamman tun da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a shekarar 2023, man kwalba ya yi tsadar da ta sa magidanta da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunan iyayensu suka nufi rumfar mai gyara. A can kuwa wata mas'ala ta taso, wadda ko da yake ƙarama ce a ido, ta cancanci a tsaya a yi mata tahakiki.

Matasa sun ga kekunan gwanjo masu giya shida ko bakwai, sai kowa ya so a ɗaura wa Raleigh ko Phoenix ɗinsa irin wannan ƙarfen canjin giya da ke rataye a gindin taya ta baya, alhali kuwa waɗannan kekuna ba a ƙera su da kunnen da za a rataya shi ba. Ko waɗanda aka ƙera da kunnen, maƙeransu ba su yi ijma'i ba. Kamfanin Campagnolo na Italiya ya yi rami mai zare na milimita 10 da ɗan tudun da ƙarfen ke tokarewa. Simplex na Faransa, wanda ake samu a tsofaffin kekunan Peugeot, ya bar raminsa babu zare babu tudu. Huret kuma ya sa tudunsa a wani gurbi dabam. Daga baya Shimano na Japan ya bi tsarin Italiyawa, duniya ta bi shi, sauran suka zama marayu.

To, a nan ne nake da ja da abin da ya fara zama al'ada, wato da zarar ƙarfe ya ƙi zama, sai a tura yaro da firam wurin mai walda. Bututun keke siriri ne, mahaɗansa kuma galibi da tagulla aka liƙe su, saboda haka wutar da ta dace da ƙofar gida ko amalanke idan ta taɓa shi takan ci naman ƙarfen, ta bar rauni a daidai inda nauyi ke sauka, ranar da aka ɗora buhun aya za a kai kasuwa sai ya tsage. Bugu da ƙari abin da aka liƙa a karkace ya zauna ke nan har abada, sarƙa ta riƙa tsalle, wata rana ƙarfen ya faɗa cikin wayoyin taya.

Akwai hanyar da ta fi wannan maslaha, tsofaffin masu sana'ar kuma sun san ta. Firam marar kunne, ana yanka masa ɗan faifan ƙarfe mai ƙugiya, a huda shi, a yi masa zare, a matse shi a ƙarƙashin notin taya, in mai keke ya gaji da giya a kwance a mayar masa da kekensa yadda yake. Kunnen Simplex na Faransa kuwa a yi wa raminsa zare, a fitar da tudun da magagari sannu a hankali, ana yi ana gwadawa. Sai batun faɗi: bayan tsohon keke bai cika wuce milimita 120 ba, taya mai giya shida ko bakwai kuma tana neman 126, amma da yake baƙin ƙarfe yana da haƙuri, ana iya buɗa shi a sanyi da doguwar ƙusa mai noti biyu, sa'an nan a ɗaure igiya daga ƙafa ɗaya ta baya, a zagayo da ita ta wuyan keke zuwa ɗaya ƙafar, a auna tazarar igiyar da bututun sirdi dama da hagu, in ta zo daidai, firam bai karkace ba. Wannan ijtihadi bai halatta a kan firam na alminiyum ba, domin shi ba ya lanƙwasa ya yafe. Dole kuma a sauya sarƙa da siririya, a bar maɓallin canjin giya mai ƙas-ƙas da Shimano ya fito da shi a 1984, a nemi mai santsi wanda hannu ke daidaitawa, don shi ba ya tambayar asalin giya.

Da sauran magana wadda amana ta wajabta wa mai gyara ya faɗa tun kafin ya karɓi kuɗi. Ƙasarmu ta jigawa ce, ƙarfen nan kuma yana rataye kusa da ƙasa, yana shan rairayi da mai har haƙoransa su cinye. Ɗan makarantar da ke bin kwalta daga Tsibiri zuwa Maraɗi zai ga fa'idarsa. Manomin da ke ratsa yashi da kaya, la'alla abin da ya fi masa shi ne a ƙara girman haƙorin baya guda ɗaya, a bar masa murfin sarƙarsa. Ina roƙon cibiyoyin koyar da sana'o'i na garuruwanmu su ɗauki tsofaffin masu sana'ar nan su koyar, su kuma tanadi abin yin zare na milimita 10, wanda rumfuna da yawa rashinsa kaɗai ke kai su ga mai walda.