Zancen Sana'a: Yaro ya bar lakkwal, ina za shi?

 

A rani da ya wuce na kwana uku a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Garin yana da famfo mai aiki da hasken rana. Ga tanki bisa ƙarfe, ga faranta suna ƙyalli, waɗanda muke kira panno. Amma babu ruwa. Mata sun koma tsohuwar rijiya mai gaba talatin, shanu sun yi layi tun asuba. Na tambayi maigari abin da ya faru. Ya ce mini famfon ya yi kwana arba'in a tsaye, suna jiran mai gyara daga birni. Ranar da zan tafi mai gyaran ya zo bisa moto. Ya buɗe akwatin, ya auna, ya tarar waya guda ce ta ƙone. Bai yi awa ɗaya ba ruwa ya zubo. Aka biya shi kuɗin gyara, aka biya kuɗin mai na zuwa da komawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne samarin da suka kewaye shi suna kallo. Na ƙirga bakwai. Dukansu sun yi lakkwal. Biyu sun kai har kwalej, suka faɗi jarrabawar BEPC, suka dawo gida. Suna karatu, suna lissafi. Yanzu jira suke a gama girbi su tafi bida Libiya ko Najeriya. Da ɗaya daga cikinsu ya koyi aikin lantarki, da garin bai sha wahalar kwana arba'in ba.

Mu iyaye mun saba da tunani guda: yaro ya yi lakkwal don ya zauna buro, in bai samu buro ba lakkwal ta ɓaci. Wannan tunani ya tsufa. Ku duba garinku da kyau. Salula nawa ake caji kullum? Panno nawa ke bisa ɗakuna da shaguna? Ga rediyo, ga telebijin, ga firijin likita da ake ajiye allurar rigakafi, ga famfon garka na masu noman rani. Duk waɗannan kaya suna lalacewa, kuma duk wanda ya lalace sai an nemi mai gyara.

Wani zai ce: to ai ɗana yana taɓa gyara, shi ke ɗaura wa mutane fitila. Malam, a yi hattara. Mai taɓawa daban, wanda ya koya daban. Kuran ba a ganin shi da ido, sai an auna. Wanda ke shiga gidaje daga wayar NIGELEC ƙarfinsa bolt 220 ne, yana kashe mutum nan take, balle in hannu ko ƙasa da lema. Batir na panno sau da yawa bolt 12 ne. Shi ba ya kama mutum haka, amma in wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya tada gobara a ɗakin kara.

Me ake koya wa yaro a makarantar sana'a? Ku ɗauki misalin ban ruwa a garka. Bolt kamar ƙarfin da ke tura ruwa ne. Ampar kamar yawan ruwan da ke wucewa ne. Waya ita ce hanyar ruwan. In ka tura ruwa mai yawa ta ƙaramar hanya, sai ta fashe. Haka in aka ɗora kaya masu jan wuta bisa siririyar waya, sai ta yi zafi ta ƙone. Yaron da ya koya yana lissafa kaurin wayar tun kafin ya saya. Ya san kuran na panno hanya guda yake bi, na NIGELEC kuwa kai da kawowa yake yi, don haka sai an sa na'urar juya kuran kafin panno ya tada kayan da aka yi don wutar birni. Ya san dole a sa ƙaramin akwatin nan mai tsaron batir tsakanin panno da batir, in ba haka ba batir ya cika ya wuce kima, ko ya zube ƙarƙaf, ya mutu da wuri. Mutane nawa suka yi asarar kuɗin rago a batir saboda an ce musu akwatin ba dole ba ne! Ya san kuma ƙurar hunturu tana rage ƙarfin panno, sai a riƙa shafe shi da tsumma mai laushi. Wanda ya yi nisa yana shiga cikin rediyo da salula, ya gane ƙananan kayan ciki, ya cire wanda ya mutu, ya liƙa sabo da dalma.

Makarantun suna nan hawa hawa. Yaron da ya bar lakkwal tun firamare, ko wanda bai taɓa shiga ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM cikin kwaminoni da yawa. Akwai kwalejin fasaha, CET. Wanda ya ci BEPC yana iya neman lise ta fasaha, kamar Ɗan Kasawa ta Maraɗi, ko lise ta sana'a Issa Beri a Yamai. Wanda ya samu bak kuwa, akwai sashen lantarki a IUT ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, akwai kuma makarantar EMIG a Yamai mai fitar da injiniyoyi. Ba kowace cibiya ke koyar da lantarki ba. Wata ɗinki ne da walda da kafinta. Sai an je an tambaya.

Ba zan ɓoye muku ba, abin yana da nauyi. Yaro zai yi shekara biyu ko fiye ba ya kawo komi gida, ga cimaka, ga masauki in cibiyar tana nesa. Wasu cibiyoyin kayan aikinsu ba su isa ba, yara goma bisa na'urar awo guda. Shi ya sa nake ba da shawara yaro ya haɗa biyu: ya yi karatu a cibiya, lokacin hutu kuma ya zauna wurin maigidan da ya ƙware, ya riƙe masa tsani, ya ga aiki da idonsa. Takarda ba tare da hannu ba ba ta gyara famfo. Kuma in ya gama, a taimaka masa da kayan aiki na farko: na'urar awo, filaya, sukundireba, ƙarfen narka dalma. 

Ɗiya mace fa? Gyaran salula da rediyo ba ya son ƙarfi, natsuwa yake so da ido. Matan gari ma sun fi sakewa in mace ce ta shigo cikin gida ta duba musu fitila.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin ONERSOL tun 1969, yana binciken yadda rana za ta dafa abinci, ta ɗuma ruwa, ta tada inji. An kafa NIGELEC a 1968. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza, a 2023 kuma ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30. Waɗanda ke zaune birni ba su manta da duhun 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya. Tun daga nan masu sayen panno suka ƙaru, a birni da ƙauye.

Ana komawa makaranta a watan Oktoba. Kada a jira sai ranar. Uban yaro ya je ofishin magajin gari, ko wurin mushen lakkwal, ya tambayi cibiyar da ta fi kusa, da sana'o'in da take koyarwa, da ranar rubuta suna. A nemo takardar haihuwar yaro tun yanzu, don ita ce ke tsayar da mutane da yawa. Kwamitin famfo na gari ma yana iya zaɓen yaro guda mai hankali, a ɗauki nauyinsa daga kuɗin ruwa, bisa sharaɗin ya dawo ya yi wa garin aiki.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen gyaran injin ban ruwa.