MOTAR DA TA FAƊI DA JIRGIN ƘASA BA SABUWA BA CE

Ina godiya ga Edita da ya ba ni fili a wannan mujalla tamu domin in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari da ba a cika yin maganarsa ba, watau sababbin motocin da kan lalace a haɗarin jirgin ƙasa tun ba su kai hannun dillalai ba. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗan makarantar kwana, wanda ko keke bai mallaka ba, da zancen sababbin motoci? To, ai motar da wani ya saya ita ce ke kwashe mu ranar hutu, ita ce kuma ke dawo da mu. Idan akwai aibi a ɓoye a cikinta, da mai ita da fasinja duk ya shafe su.

Da farko bari mu ga yadda sabuwar mota ke isa wurin mai saye. A ƙasashe masu faɗi kamar Amurka ba a tuƙa ta daga masana'anta zuwa shagon dillali, gama in an yi haka ta tashi daga sabuwa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Amurka ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na sababbin motocin da ake saye a can sukan hau jirgin ƙasa a wani ɓangare na tafiyarsu. Akwai taragu na musamman domin wannan aiki. Tsawon kowane ɗaya ya kai ƙafa 89, an kuma yi masa hawa biyu ko uku kamar bene. Mai hawa uku kan ɗauki ƙananan motoci 12 zuwa 15, mai hawa biyu kuwa manya 8 zuwa 10. Idan an shigar da mota sai a sa wa tayoyinta weji don kada ta motsa. A shekarun 1960 a buɗe waɗannan taragu suke, sai masu jifa da ɓarayi suka addabi motocin, saboda haka daga shekarun 1970 aka shiga rufe su da ƙarfe gefe da sama.

Wannan rufi ya yi maganin ɓarawo da ɗan jifa, amma bai hana jirgi gocewa daga kan dogo ba. A Amurka akan sami gocewar jirgi fiye da sau 1,000 a shekara, ko da yake yawancinsu ƙanana ne, a filin haɗa taragu suke faruwa inda jirgi ba ya gudu. Abubuwan da kan jawo haka sun haɗa da karyewar ƙarfen dogo, da lanƙwashewarsa saboda tsananin zafin rana, da ambaliyar da kan zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da lalacewar ƙafar tarago, da kuma kuskuren ma'aikata.

Ga misalai guda uku. A watan Disamba na 2016 wani jirgi ya goce a jihar Karolina ta Kudu yana ɗauke da sababbin motocin BMW zuwa tashar jiragen ruwa ta Charleston, motoci kusan 100 suka lalace. A watan Yuli na 2019 taragu 33 suka kauce kusa da garin Caliente a jihar Nebada, sababbin jif-jif da a-kori-kura suka zube a jeji. A watan Agusta na 2021 kuma taragu 44 suka goce a jihar Misuri da motocin Ford a ciki, a daidai lokacin da masu saye ke jiran mota wata da watanni saboda ƙarancin wasu kayan lantarki da ake sa wa motoci.

Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce, bayan ƙura ta lafa, yaya za a yi da waɗannan motoci? Maganar asara mai sauƙi ce. Tun 1906 dokar Amurka ta ɗora wa mai ɗaukar kaya alhakin kayan da aka damƙa masa, ga kuma inshora. Kamfani zai sami diyyarsa, dillali kuma za a aiko masa da wasu. Wanda ba shi da kowa a wurin shi ne mai saye, gama ba ya nan sa'ad da abin ya faru, kuma ba shi da hanyar sani sai an gaya masa.

Ni a ganina, duk motar da ke cikin taragon da ya faɗi ta tashi daga sabuwa, ko da kuwa ba a ga ƙwarzane ko ɗaya a jikinta ba. Dalilaina uku ne.

Na ɗaya, ido ba ya ganin cikin ƙarfe. Malaminmu na aikin ƙarfe ya nuna mana a ɗakin koyon sana'a cewa in ka lanƙwasa waya ka miƙe ta, za ta koma kamar dā a ido, amma wurin ya riga ya yi rauni, in ka maimaita sai ta karye. Masu ƙera motocin zamani sun tsara gabanta da bayanta su lotse a lokacin karo, domin su shanye bugun kafin ya kai ga mutane. Ƙarfen da ya taɓa lotsewa aka buge shi ya miƙe ba zai yi wannan aiki yadda ya kamata a karo na biyu ba. Haka nan motar da ta kwana a kife ko a karkace, man inji da ruwan batir da man birki suna iya bin inda bai kamace su ba. Irin wannan aibi ba ya bayyana a shagon dillali. Sai an ɗauko iyali an hau babbar hanya ana gudu sa'an nan zai nuna kansa.

Na biyu, wanda ya sayi sabuwar mota ba ƙarfe da taya kaɗai ya biya ba. Ya ƙara kuɗi mai yawa ne domin a tabbatar masa cewa babu abin da ya taɓa samunta. In da ya yarda da mai tarihi, ai da ya tafi wurin 'yan gwanjo ya saya da araha. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wannan babu zalunci a ciki. Zalunci shi ne a miƙa wa mutum rariya a ce masa ƙwarya ce, a kuma karɓi kuɗin ƙwarya. Ko a kasuwar dabbobi, dillalin kirki kan gaya maka cewa san nan ya taɓa karaya, ka saya ko ka bari. Iyayenmu da malamanmu sun hore mu cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma girman kamfani ba ya mai da algus ya zama ciniki.

Akwai wata shari'a da ta nuna wannan sarai, ko da yake ba jirgin ƙasa ne ya ɓata motar ba. A 1990 wani likita mai suna Ira Gore ya sayi sabuwar BMW a jihar Alabama a kan dala 40,750. Bayan wata 9 sai mai gyaran fenti ya gaya masa cewa an taɓa sake wa motar fenti. Ashe ta ɗan lalace ne a hanya, aka gyara ta da dala 601, ba a faɗa wa kowa ba, domin tun 1983 ƙa'idar kamfanin ita ce in kuɗin gyara bai wuce kashi 3 cikin 100 na farashin mota ba, a sayar da ita a matsayin sabuwa. A gaban kotu aka bayyana cewa motoci 983 aka sayar ta wannan hanya. Kotun farko ta ba shi diyyar dala 4,000, ta kuma ɗora wa kamfanin horon dala miliyan 4. A 1996 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce horon ya yi yawa, daga baya aka mai da shi dala 50,000. Amma kamfanin ya riga ya canja ƙa'idarsa, ya koma yana bayyana duk gyaran da aka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. To, in fenti kaɗai ya kai mutane Kotun Ƙoli, ina ga motar da ta wuntsila tare da tarago?

Na uku, faɗar gaskiya ita ce ke tsare sunan kamfanin kansa. A watan Yuli na 2006 wani jirgin ruwa mai suna Cougar Ace ya karkace ƙwarai a teku kusa da Alaska, yana ɗauke da sababbin motocin Mazda 4,703. An ceto jirgin, kuma da yawa daga cikin motocin ba a ga abin da ya same su ba, gama a ɗaure suke tamau. Duk da haka kamfanin ya yanke shawarar murƙushe su baki ɗaya, domin ba wanda zai iya rantsuwa a kan lafiyar motar da ta yi makonni a rataye a karkace. Asara ce babba, amma daga ranar duk wanda ya sayi motarsu ya san ba ɗaya daga cikin waɗancan aka ba shi ba.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu abin dubawa ce. Sukan ce murƙushe mota mai lafiya almubazzaranci ne, alhali ga miliyoyin mutane suna tafiya a ƙasa. Sukan kuma ce asarar ba ta tsaya kan kamfani ba, kuɗin inshora zai tashi, a ƙarshe mai saye ne zai biya. Na yarda da rabin wannan magana. Ban ce duk motar da ta yi ƙwarzane a kai ta injin murƙushewa ba. Abin da nake cewa shi ne a kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda suka lotse ko suka kife. Waɗannan a murƙushe su, a narka ƙarfen a yi wani abu da shi, a kuma soke lambarsu don kada wani ya farfaɗo da su a ɓoye. Kashi na biyu su ne waɗanda taragonsu ya faɗi amma jikinsu bai nuna ba. Waɗannan kada a bar su su hau hanya, a ba makarantun koyon sana'a su, ɗalibai su kwance su ɗaura. Kamfanonin motoci sun saba ba makarantu irin wannan kyauta bisa sharaɗin ba za a tuƙa motar a titi ba. Mu da muke koyon aikin inji daga zanen allo mun san darajar a ce ga injin zamani a gabanmu muna taɓawa da hannu. Kashi na uku su ne waɗanda taragonsu bai faɗi ba, girgiza kawai suka sha, ko fitila ta fashe. Waɗannan injiniya ya duba su, a gyara, a rubuta abin da ya faru a takarda, a rage kuɗi, mai saye ya sa hannu cewa ya ji ya gani. Ta haka ba a yi almubazzaranci ba, ba a kuma cuci kowa ba.

Wani zai ce duk wannan labarin Amurka ne. Gaskiya ne, amma yawancin motocin da ke kan hanyoyinmu ba a nan aka ƙera su ba. Da yawa daga Amurka suke zuwa ta Kwatano da Legas, kuma sanin kowa ne cewa a cikinsu akwai waɗanda suka yi haɗari a can, inshora ta biya masu su, aka yi gwanjonsu. A can akan buga wa takardar irin wannan mota hatimin cewa ta taɓa lalacewa. Da ta ƙetare teku, ta bi ta hannun mai gyaran bodi da mai fenti, sai ta fito tana ƙyalli, labarin ya tsaya a bakin ruwa. Saboda haka duk inda aka yi sakaci da lalatacciyar mota a duniya, ƙasashe irin namu ne ke cikin haɗarin karɓarta.

Bugu da ƙari, mu ma muna da rabonmu a harkar. Tun 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna. An buɗe sabon layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, a 2021 ɗin ne kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Idan dogo ya ci gaba da bunƙasa, wata rana sababbin motoci za su riƙa bin sa a nan. Wannan abin so ne, gama jirgi ɗaya kan ɗauke aikin tireloli masu yawa, ya rage cunkoso da haɗari a titi. Amma rigakafi ya fi magani. Ina kira ga hukumar kare haƙƙin masu saye, watau FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, da ta shimfiɗa ƙa'ida tun yanzu cewa duk dillalin da ya sayar da motar da ta lalace a hanya, ta jirgin ƙasa ko ta ruwa ko ta tirela, lalle ne ya faɗa a rubuce.

A ƙarshe ina da shawara ga iyayenmu. Kowace motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1981 tana da lamba ta musamman mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Hukumar Kwastan ma ta fara amfani da ita a 2022 wajen ƙiyasta kuɗin fito. Da wannan lamba ana iya bincika tarihin motar da ta fito daga Amurka ta intanet. Kafin Baba ya miƙa kuɗin da ya shekara yana tarawa, ko kuɗin sallamarsa daga aiki, ya sa a duba lambar, ya kuma tafi da makanikin da ya amince da shi. Kada a yi cinikin biri a sama. Mu ɗalibai kuma, a cikinmu akwai injiniyoyin gobe, da dillalai, da ma'aikatan reluwe da na kwastan. Ranar da irin wannan mota ta zo hannunmu, mu tuna cewa wanda zai shige ta ɗan wani ne, mai yiwuwa ma ɗanmu.

Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kuma ba mu ikon faɗar gaskiya a ciniki, amin.