Aljanin Littafinka Yana da Nahawu Kuwa?

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata 'yar magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya wani abokina marubuci ya ba ni littafinsa na yaƙi in duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Labari dai ya yi daɗi. Amma da na zo inda sarkin aljanu ke magana da yarensu sai na tsaya. Kalma guda ce mai cike da "z" da "k", a shafi na 12 an fassara ta da "zo nan", a shafi na 40 kuma ita ce dai "zan halaka ku". Da na tambaye shi sai ya yi dariya, wai ai yaren aljanu ne, wa zai kama shi? Na ce to ga ni na kama ka.

Ni a ganina, ba baƙin kalmomi ke sa mai karatu ya yarda da ƙirƙirarren harshe ba, nahawunsa ne. Ko zaurancen da muka yi muna yara yana da ƙa'ida, in ka cusa gaɓa a inda ba muhallinta ba sai 'yan uwanka su yi maka dariya.

Ku dubi harshen Klingon na fina-finan Star Trek na Amurka. Wani masanin harsuna, Marc Okrand, aka ɗauko ya gina shi domin fim na uku da ya fito a 1984, a 1985 kuma ya fitar da ƙamusunsa haɗe da bayanin nahawu. Mu a Hausa cewa muke "Audu ya ga doki", wato aikau, aikatau, sannan karɓau. Shi sai ya juya abin da gangan, doki a farko, Audu a ƙarshe, tsarin da da wuya ka same shi a harsunan 'yan Adam. Jam'insa ma kashi uku ne: -pu' ga masu iya magana, -Du' ga gaɓoɓin jiki, -mey ga sauran abubuwa. Gaisuwarsu kuwa ma'anarta "me kake so?" Ba ina kwana, ba ya gajiya, ba ya iyali. Daga nan kaɗai ka san da mayaƙa marasa kara kake hulɗa, ba sai an faɗa maka ba.

Wani zai ce, ai in ƙa'ida ake so sai a kwaikwayi Esperanto, wanda likitan ido Zamenhof ya fitar a birnin Warsaw a 1887. Kowane suna yana ƙarewa da -o, kowace sifa da -a, jam'i kuma ƙarin -j ne kawai, babu togaciya. Wannan ya dace da manufarsa, don so yake mutanen ƙasashe daban-daban su koya cikin sauƙi. Amma ga mai rubuta labari tsaftar ta yi yawa. Harshen da aka daɗe ana magana da shi ba ya rasa tabo. Mu da muke cewa gida, gidaje, amma akuya, awaki, sa kuma shanu, mun fi kowa sani. Aljanin da aka ce ya shekara dubu uku a duniya, ya za a yi yarensa ya fito sumul kamar jiya aka ƙera shi?

Tolkien na Ingila, mai The Lord of the Rings da aka buga a 1954 da 1955, ya gane wannan. Ya tsara Quenya da Sindarin a matsayin harsunan da suka fito daga tsohon harshe guda, kowanne da irin sauyin da zamani ya yi masa. A Sindarin wasali ake sauyawa don yin jam'i, amon tudu ne, emyn tuddai, kamar yadda harshen Welsh ke yi da wasu kalmominsa.

Ban ce marubutanmu su ajiye labari su koma rubuta ƙamus ba. Na ƙirga, jimla bakwai kacal sarkin aljanun nan ya furta a duk littafin. Na ce wa abokina ya zauna da takarda guda ya yanke ina aikatau zai zauna, yaya ake jam'i, yaya ake korewa, kuma ko sarki da bawansa da kalma ɗaya suke cewa "ni". Ya karɓi littafinsa yana ƙunƙuni, wai mai maɗaba'a na jiransa ranar Litinin.